Hayaƙin Jan Akwati

Ranar da ta fara shiga shagonsa ko sallama ba ta yi ba. Ta dire wani abu a kan teburin gyara, a naɗe cikin tsohon tawul, ta ja baya ta harɗe hannuwa.

"Kai ne mai bidiyon tsofaffin gem?"

Ya ɗago daga kan wayar da yake liƙewa da dalma, ya ture tabarau zuwa goshi. Doguwa ce, fuskar nan ba annuri, da gani ka san tun daga gida ta haddato abin da za ta faɗa. Shi kuwa gogan naku, maimakon ya shiga taitayinsa, sai ya ji ta burge shi.

"Ni ne, Malama. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Buɗe ka gani."

Ya warware tawul. Tsohuwar na'urar gem ce da ake kira Jan Akwati, fes da shi kamar jiya aka ƙera.

Bari in ɗan tsaya in gaya muku ko wane ne wannan saurayin. Sana'arsa gyaran na'urorin gem na gida, amma ba na zamani ba, tsofaffin da duniya ta manta da su. Shagonsa siriri ne, kantoci har rufi. Akwai wadda ba ta iya komai sai ƙwallo ɗaya da sanda biyu. Akwai wadda sai ka manna leda mai launi a fuskar talabijin kafin ka gane filin wasan. Akwai wadda aka haɗe hannuwan da ake riƙewa a buga wasan da jikinta da gajeriyar waya, sai ka zauna kamar za ka shige cikin allon. Duk mako yakan ɗauko ɗaya ya yi bidiyo ya ba da tarihinta: wa ya ƙera, shekara nawa ta yi a kasuwa, me ya kashe ta. Ilimin yana da shi, ba ƙarya. Sai dai tuntuni ya gano cewa mutane sun fi son tsiyarsa a kan tarihinsa, shi kuma ya biye musu.

Wata huɗu kafin wannan ranar ya tsinci wani Jan Akwati a wurin masu gwangwan. Ya kunna kyamara, ya zaro adafta daga aljihun tebur ya jona. Abu ya ce fat, farin hayaƙi ya turnuƙe. Ya yi tari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wanda ya ƙera wannan, da gyaran fanka ya tsaya." Mutum dubu ɗari huɗu suka kalla.

"Juya shi," in ji ta.

Ya juya. A ƙasan akwatin akwai wata 'yar takarda mai zane, da'ira da alamomi biyu. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane. A yawancin na'urorin da ya saba da su, wuta ta tsakiyar bakin adafta take shiga. A wannan juye take. Duk wanda ya jona masa adafta irin na yau da kullum ya ƙona shi nan take. Da ɗan koyo ne da sai ya duba ƙasan kafin ya jona. Shi gwani ne, hannunsa ya saba, bai duba ba.

"Naka ma yana da takardar," ta ce. "Na tsayar da bidiyon na gani, lokacin da kake juya shi kana dariya."

Ya ajiye akwatin a hankali.

"Babana ne ya ƙera shi. Kuma fanka yake gyarawa yanzu, yadda ka ce."

Ta ajiye adaftan asali da kaset ɗaya na wasa, ta rubuta lambarta a bayan wata takarda. "Ka jona ka gani da idonka. Sannan ka faɗa wa mutanen da ka sa dariya." Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe.

Ya jona. Bayan shekara talatin da takwas, akwatin ya tashi ba ko gargada. Wani ɗan mutum a kwale-kwale yana tsallake kogi yana kauce wa guma-gumai. Wasan mai sauƙi ne, amma wanda ya tsara shi ya san inda zai kama zuciyar mutum. Sai da la'asar ya tuna bai ci abincin rana ba. Ya ɗauki waya.

"Malama, ya tashi. Hoton tas. Laifina ne tun daga farko har ƙarshe. Ki yi haƙuri."

Amsa ta zo bayan awa ɗaya.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba, Ɓarnau."

Sunan da ya bi shi ke nan. Ita kuwa Auta kowa yake ce mata, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta, tana aiki a wani shagon magani.

Kaset shida Jan Akwati yake da su a duniya, kuma ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kawo masa su, wai don bidiyon gyara ya cika. Duk zuwa da guntun tarihin da take taho masa da shi. Masana'antar rediyo ce ƙarama, babanta yana saurayin injiniya a ciki. Shi ya dami masu wurin har suka yarda ya gwada. Ya juya wutar ne da gangan, don ta dace da adaftan rediyon da suke sayarwa, wanda kusan kowane gida yana da shi. Guda ɗari tara suka ƙera. Wata goma sha ɗaya ya yi a kasuwa, sai na waje masu arha suka shigo, kaset ɗaya wasa ɗari. Aka rufe sashen, sauran kayan aka auna su a kilo.

"Bai samu komai ba," ta ce ranar kaset na uku. Wannan karon ta yarda ta zauna. "Ko sunansa ba a rubuta a jiki ba. Abu ɗaya ya rage masa. Tun ina ƙarama yake ce mana, guda ɗari tara, ko ɗaya ba a taɓa dawo da shi don ya lalace ba. Da wannan maganar ya tsufa."

Ɓarnau ya sunkuyar da kai.

"Yanzu samarin layinmu Baba Hayaƙi suke ce masa. Ya daina faɗin maganar."

"Zan gyara, Auta. Mako mai zuwa."

Ranar kaset na biyar ta kama hannun gem ɗaya ya kama ɗaya, ta lallasa shi sau bakwai a jere a wasan tseren manyan motoci. A karon farko ya ga dariyarta, har da ɗan wushirya.

"Ashe kina dariya."

"Idan na ga ana shan kaye, e."

"To ki ci gaba da ka da ni har ƙarshen rayuwata."

Ta ajiye hannun gem ɗin. "Ka san me kake faɗa kuwa?"

"Na sani, Haskena."

"Kar ka fara min sunaye. Ni na raɗa maka naka, kuma ba yabo ba ne."

Amma da ta koma wurin aiki sai ga saƙonta.

"Wanne ne ma ka ce ɗazu? Sake faɗa, ban ji da kyau ba."

"Haskena. Wutar da ta shigo min ta daidai."

"Allah ya shirye ka, Ɓarnau. Ka ci abinci."

Soyayya dai ta yi nisa, bidiyon gyara kuwa shiru. Mako mai zuwa ya zama wata mai zuwa. Yau kyamara ce, gobe murya ce ba ta fita ba. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Daga nesa ake aiko masa da na'urori saboda an ce hannunsa ba ya kuskure, yanzu a ce ya fito ya shaida wa duniya ya ƙona abu don bai duba ƙasansa ba? Ni dai ban ga uzuri a nan ba, kuma Auta ma ta gani ta kau da kai, don so ya riga ya rufe mata baki. Wata bakwai aka yi a haka.

Ranar da ya je gaishe da Baba, mahaifin Auta, ya same shi a baranda da fanka a warware a gabansa, ƙusoshi jere a murfin gwangwani. Tsoho ne siriri, hannunsa na ɗan rawa, amma ko ƙusa ɗaya ba ta faɗi ba. Ɓarnau ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya amsa bai ɗago ba.

"Na san muryar," ya ce. "An kunna min ita ya fi sau hamsin. Wasu don su nuna min, wasu don su ga fuskata."

"Baba, kuskure na yi. Na zo neman gafara, kuma na zo..."

"Na san abin da ya kawo ka. Yaushe ka gane kuskure ne?"

"Ranar da Auta ta zo shagona."

"Wata nawa ke nan?"

"Bakwai."

Baba ya goge hannu da tsumma. "Ƙona akwati ba komai ba ne, samari. Ni na ƙona abubuwa da yawa ina koyo. Amma wanda ya san gaskiya wata bakwai ya zauna a kanta don kar a yi masa dariya kwana ɗaya, ba zan ba shi 'yata ba. Ranar da ya cuce ta, ita ma wata bakwai za ta jira. Tashi ka tafi."

Mama tana bayan labule tana ji. Ta so ta sa baki, amma ta san mijinta.

A tsakanin nan ne Dillali ya kunno kai. Shi sana'arsa sayen tsofaffin na'urori yana aika wa masu tara su a ƙasashen waje, kuma sun daɗe suna hulɗa da Ɓarnau. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki. Ya fara zuwa gidan duk mako, ya zauna a baranda ya sha shayi, ya kira Baba da Injiniya, sunan da aka shekara talatin ba a kira shi da shi ba. Ya ce Jan Akwati ya riga zamaninsa. Tsoho ya sake, har ya buɗe masa kabad ya nuna masa na farkon, wanda ya haɗa da hannunsa a cikin akwatin katako kafin a ƙera sauran. Ba a yi wata biyu ba Dillali ya ce yana son Auta, Baba ya ce zai duba.

Da Auta ta ƙi sauraronsa, sai ya tare ta a bakin shagon magani ya miƙa mata wayarsa. "Karanta ki ga wanda kike ƙi na dominsa."

Saƙon Ɓarnau ne zuwa ga Dillali, ya aiko shi mako biyu bayan haɗuwarsa da Auta.

"Na gano gidan wanda ya ƙera shi. Na farkon yana nan a wurinsa. Ka ba ni lokaci, ta hannun 'yar zan shiga."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta nufi shagon gyara kai tsaye, ta karanta wa Ɓarnau saƙon daga kanta, kalma bayan kalma.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne. Amma cika baki ne, Auta, lokacin ban..."

"Lokacin ba ka fara sona ba. To yaushe ka fara? Kaset na nawa? Don in san waɗanne ranaku zan goge."

"Wallahi ban sake tuna na farkon nan ba."

"Kamar yadda ba ka sake tuna bidiyon ba. Na zo in ƙwato wa babana mutuncinsa, na ɓuge da zama ina buga gem da wanda ya zubar da shi. Ni ce babbar mai laifi, ba kai ba."

Ta tafi. Ya aika saƙo goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta buɗe ba.

Sai da ya rasa ta sannan ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar farko, kuma wannan ya ƙona masa rai fiye da komai. Ya kunna kyamara, ba kiɗa, ba barkwanci. Ya juya ƙonannen akwatinsa ya nuna takardar. Ya ce, "Ni na ƙona shi. Na san haka wata tara da suka wuce, na yi shiru don tsoron bakinku." Ya ba da tarihin duka, masana'antar rediyo, dalilin juya wutar, wata goma sha ɗaya. Ya buga wasanni shida ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe da cewa guda ɗari tara aka ƙera, ko ɗaya ba a taɓa mayarwa don ya lalace ba. Sannan ya goge tsohon bidiyon.

Kun zaci duniya ta tashi ta ba tsoho haƙuri? Ina. Mutum dubu uku suka kalla. Wasu suka ce an biya shi, wasu suka ce mace ce ta juya shi. Guntun hayaƙin kuwa tuntuni an kwafe shi, yana yawo a wayoyin mutane, ba mai iya kamo shi. Masu aiko masa da gyara daga nesa suka ragu. Ya naɗe Jan Akwati da kaset shida ya kai har gida, ya miƙa wa Mama a bakin ƙofa, ya juya bai nemi ganin kowa ba.

Mama ce ta yi maganin Dillali, a cikin hira kawai. Tana zuba masa shayi ta ce, "Ai na farkon nan Injiniya ya yi alkawarin ba wa makarantar koyon sana'a, yara su gani." Makon da ya biyo ya zo a tsaitsaye. Na gaba ya aiko da uzuri. Daga nan ko waya. Baba ya yi mako uku yana sa a fito da kofi biyu, sannan ya ce a daina. Wannan ya fi hayaƙin yi masa ciwo, don ya yarda da yabon har zuciyarsa.

Mako biyar bayan bidiyon, Auta ta shigo shagon. Wannan karon ta yi sallama. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu.

"Na kalla," ta ce.

"Ya makara."

"Ya makara sosai."

Ta ɗauki wani tsohon hannun gem daga kanta tana jujjuya shi.

"Na yi ƙoƙarin in tsane ka, Ɓarnau. Kullum sai in fara da safe, kafin azahar na gaji."

"Ni ban cancanci..."

"Ba ka cancanta ba. Ban zo don ka cancanta ba." Ta share ido da bayan hannu. "Baba yana kiran ka gobe da hantsi. Ka aske gemun nan."

Washegari ya same shi a barandar, ba fanka a gabansa, sai wayar Auta.

"Na gani, sau biyu," in ji Baba. "Ba ka yi kuskure ko ɗaya a tarihin ba. Mutum nawa suka kalla?"

"Dubu uku, Baba."

"Na farkon fa?"

"Dubu ɗari huɗu."

"Jiya da na fita sayen wayar lantarki, wani yaro da na gyara wa ubansa rediyo ya yi tari a bayana, abokansa suka fashe da dariya. Haka zan mutu da sunan nan. Ka san da haka?"

"Na sani."

"To. Abin da ka ɗauka ba ka iya mayarwa. Ban kira ka don in ce ya wuce ba, bai wuce ba." Ya dubi labulen da Auta take bayansa. "Amma na ga mai yabona, na ga inda ya ƙare. Kai ka fito ka tona wa kanka asiri lokacin da ba ka da abin da za ka samu. Yarinyar nan kuma wata biyu ba ta cin abinci, uwarta ta hana ni sakat. Ba zan haɗa asara biyu ba. Ka turo manyanka."

Ɓarnau ya kifa kai a gwiwa. Ya so ya ji daɗi, ya ji, amma da ɗaci a cikinsa.

Aka ɗaura aure bayan wata uku, taro ba mai yawa ba. Auta ta yi kyau har yayyenta suna tsokanar ta wai ashe ta iya kwalliya. Da rana, tana cikin mata, wayarta ta yi ƙara.

"Haskena, an ɗaura. Yanzu ba ki da wurin gudu."

"Kai ne ba ka da shi. Ka gaishe da Baba da kyau in an kawo mu."

Da yamma aka kawo su gabansa su yi sallama. Suka durƙusa. Mama ta riga ta yi nata kukan da addu'o'inta. Baba ya ɗora hannunsa a kan Auta.

"Allah ya yi miki albarka. Kin tsaya min lokacin da ni kaina na zauna. Allah ya ba ki masu tsaya miki."

Aka ce amin. Amma bai juya ga ango ba, har 'yan uwa suka fara kallon juna. Ango yana durƙushe, gumi na bin wuyansa. Auta ta kama gefen rigar mahaifinta a hankali.

Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa hannun ya dafa kafaɗarsa.

"Kai kuma, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe min ita. Ranar da ka tsufa, aikinka ya faɗa hannun wani yaro, Allah ya sa ya fi ka tausayi."

"Amin, Baba," in ji shi.

Auta ta ce amin ita ma, hawaye na zuba. Suka tashi, ta kama hannun mijinta suka fita, tsohon ya bi su da ido har suka wuce ƙofar.